Hannun da Na Ɗaga a Kan Rumbun Iri

Shekarar da damina ta yi mana rowa, ina da mata, da ɗiya mai shan nono, da gona ɗaya a hanyar Tsauni wadda na gada daga mahaifina. Soja ke riƙe da ƙasa. A Matameye ba mai tambayarka ra'ayinka a kan komai: komandan mai mulkin gari ya faɗa, jandarma ya maimaita da ƙarfi, mai unguwa ya kawo mana abin da ya rage. Abin dariya, a wannan zamanin ne na fara yin ƙuri'a a rayuwata. Ba ta shugaban ƙasa ba ce, ta rumbu ce.

Shekara guda kafin farin, malamin gona ya tara magidantan unguwarmu, mu arba'in, ya ce gwamnati na son kowace unguwa ta yi rumbun iri na tarayya. Kowane gida ya kawo dami biyu na zaɓaɓɓen hatsi a ajiye, ba a taɓawa sai ruwan shuka ya sauka. Wannan ba wanda ya yi musu, don ware iri ba ɗan boko ne ya koya mana ba. Sabon abin shi ne takardar da ya karanta da faransanci, ya fassara mana. Duk abin da ya shafi rumbun, sai a kira taro. Kowane gida hannu ɗaya. Abin da mafi yawa suka ɗaga wa hannu shi ke nan, ba a sake magana. Muka yi ta dariya. Wani ya tambaya ko mai mata uku hannu uku gare shi. Malamin gona ya ce hannu ɗaya ne, kuma na maigida.

Mu dai ba haka muka saba ba. Idan magana ta taso a unguwa, zama ake yi a yi ta juya ta, yau da gobe, har kowa ya gaji. Mai fushi ya huce, mai taurin kai a aika masa da ƙanin ubansa. Ranar da dattijo zai faɗi abin da aka yanke, kowa ya riga ya sani, kuma ba a tashi da sunan wani a matsayin wanda aka kayar. Ban ce wannan hanyar ba ta da zalunci ba. Talaka yakan yi shiru a ce ya yarda. Amma idan an cuce ka, ka san ƙofar da za ka je ka tsuguna ka yi kuka.

Aka gina rumbun a bayan masallaci, aka sa masa 'yar ƙofar ƙarfe da kwaɗo, aka ɗaga hannu aka ba surukina mabuɗi. Duk mu arba'in muka ɗaga, har da masu gyangyaɗi. Mahaifin matata ne, tsoho siriri marar yawan magana, wanda duk unguwa ta san ba wanda ya kai shi sanin iri. Yakan riƙe zangarniya ya murza da babban yatsa ya ce wannan ta yi, wannan a kai wa kaji. Hatsin da ya tara mana irin namu ne na nan, mai saurin nuna, wanda ko damina ta gajarta yakan kai.

Tsakanina da shi kuwa akwai kunya irin ta suruki. Shekara uku da auren ɗiyarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Idan na hango shi a hanya, in cire takalmi in tsuguna in ce, "Baba, ina wuni," kaina a ƙasa. In da lungu kusa, in shige. Ko damin da na kai rumbu, da ya ga ɗaya bai yi ba, bai gaya mini ba. Sai ya aiko maƙwabcina ya ce in canjo.

Sai farin ya zo. Muka yi shuka da irin gidajenmu, ta tsiro, ta kai gwiwa, ta tsaya tana kallon sama har ta bushe. Surukina ya hana a taɓa rumbun tarayya don maimaita shuka, ya ce lokaci ya wuce, kuma gaskiyarsa ce. Da kaka abin da na kawo gida bai kai mu tsakiyar rani ba. Na sayar da tunkiya, na sayar da akuya da ɗanta, na yi ƙodago a lambunan rake na fadama har masu lambun suka ce su ma rijiyoyinsu sun ja baya. Iyakar Najeriya a rufe take, can ma soja ne. Garin rogon da ke shigowa ta garin Ɗan Barto na bakin iyaka a ɓoye, sai mai hali. Da bazara ta shigo, mun koma dusa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Nonon matata ya fara ɗaukewa. Jaririyar ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan sauti da ba na son tunawa.

Duk wannan lokacin rumbun na tsaye bayan masallaci, cike. Sau biyar a rana muke wuce shi. Na ga manya masu gemu suna rage tafiya idan sun zo daidai da shi, ni ma ina cikinsu.

Akwai wani mutum a unguwarmu da muke ce wa mai lasifika. Ya yi shekaru a Kano lokacin da farar hula ke mulki can, aikinsa riƙe lasifika a bayan motar 'yan siyasa. Da soja suka ƙwace, ya dawo gida ba lasifikar, amma bakin na nan. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. 'Ya'yansa bakwai ne, kuma na ga haƙarƙarinsu. Shi ne kaɗai a cikinmu ya gane abin da takardar malamin gona ke nufi. Mu muna ganin rumbun na hannun mai mabuɗi ne. Shi ya san yana hannun duk wanda ya tara hannu ashirin da ɗaya.

Bai je wurin dattawa ba. Gida gida ya bi, yana zaɓen waɗanda tukunyarsu ta fi daɗewa a kife. Ranar da ya zo wurina, ya zauna a zaure ya raba goro ɗaya ya ba ni rabi.

"Kai, ka ji kukan ɗiyarka kuwa?" ya ce. "Ni daga hanya na jiyo."

Na ce na ji.

"To hatsinka na can bayan masallaci, dami biyu, da guminka. Ana ajiye wa wa? Wanda ya mutu yana shuka ne?"

Na ce idan muka cinye, me za mu zuba a ƙasa in ruwa ya zo.

"Haba! Sojan nan, shugabanmu, da ke zagaya ƙasa yana leƙa rumbuna da kansa, shi zai bar gonaki ba shuka? Kamiyo-kamiyo, manyan motoci cike da iri, suna can Damagaram, an ɗaure da tamfol. Direban da ya gani da idonsa ne ya gaya mini. Kafin hadari ya haɗu sun iso."

Ban yarda da shi ba. Ina so a rubuta wannan: ban yarda ba. Amma ina son in yarda, kuma ya san haka, shi ya sa bai ƙara komai ba, ya tashi ya shiga gida na gaba.

Ranar taron da safe na sami matata a tsakar gida tana tace anza, jaririyar a baya. Na gaya mata yau za a ɗaga hannu, kuma mahaifinta ba zai yarda a buɗe ba. Na ce, "Ke me kika gani?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ni an ba ni hannu ne?"

Na yi fushi, don ina da saurin fushi, kuma don na so ta ɗauke mini rabin kayan ta ƙi. Na fita ban karya ba, ko da yake ba wani abin karyawar.

Bayan la'asar muka zauna ƙarƙashin tsamiyar masallaci. Malamin gona ya zo a kan babur ɗinsa da takardarsa. Mai lasifika ya yi magana mai tsawo, kuma wallahi ta yi daɗi; ya ambaci yara da sunan iyayensu, ya nuna rumbu, ya nuna maƙabarta. Da ya zauna, aka juya ga surukina. Tsohon bai ko miƙe ba.

"Ni ban ga kamiyo ba," ya ce. "Abin da ke cikin rumbun nan, in an raba, ba zai kai ku sati biyu ba. In an shuka, zai kai ku shekara. Yunwar da kuke ji ina jin ta. Ku ba ni kwana uku mu zauna, mu ga gidajen da suka fi galabaita, a san yadda za a yi da su."

Da a da ne, da an ba shi kwana ukun. Na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Sai mai lasifika ya ce, cikin ladabi, takarda ba ta ce kwana uku ba, ta ce a ɗaga hannu. Malamin gona ya duba takardarsa ya ce haka ne. Ya ce masu son a buɗe su ɗaga.

 Mutanen da suka saba kallon babba kafin su motsa, yau an ce su motsa a gabansa. Kowa na satar kallon na kusa da shi. Hannu uku suka tashi, sai bakwai, sai aka fara ɗagawa da sauri, don wanda ya ga maƙwabcinsa ya ɗaga kunya takan ragu. Ina zaune a gefe, daidai inda surukina zai gan ni idan ya juyo kaɗan. Hannuna na kan gwiwata. Na tuna sautin jaririyar. Na ɗaga shi, ba can sama ba, daidai kunne, kamar mai korar ƙuda. Malamin gona ya ƙirga shi duk da haka.

Ashirin da uku muka ɗaga, goma sha bakwai suka ƙi. Surukina bai juyo ba. Ya ciro mabuɗin daga igiyar wuyansa, ya ajiye a kan tabarma, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya sa takalminsa ya tafi gida ta gabana, ni kuwa ko gaisuwar ban iya yi ba.

Shekaru na yi ina lissafin nan a zuciyata: ko da ban ɗaga ba, ashirin da biyu sun fi goma sha takwas. Hannuna bai canza komai ba. Daga baya na gano duk mu ashirin da ukun haka muke faɗa wa kanmu, kowa da nasa hannun da bai canza komai ba.

Washegari aka sussuke hatsin aka raba daidai, gida arba'in, har da waɗanda suka ƙi. Ba zan yi ƙarya ba, wannan ranar unguwa ta yi daɗi. Aka ji sautin turmi a kowane gida, hayaƙi ya tashi, yara suka fito wasa. Matata ta dama kunu ta sha, kwana uku nono ya dawo, jaririyar ta tsala kukan da ya sa na fita zaure na share hawaye. Ɗiyar nan tana raye yau, tana da jikoki. Duk wanda zai ce mini na yi kuskure, sai ya fara da wannan, ni ma kullum da shi nake farawa, kuma bai taɓa isata ba.

Kwana goma sha biyu rabona ya yi. Muka koma anza.

A cikin goma sha bakwai da suka ƙi, yawancinsu da hatsin ya shiga gida sun ci, ba kuma mai ganin laifinsu. Gida biyar ne suka riƙe nasu. Na surukina na ciki. Surukata, mahaifiyar matata, ita da kanta ta zuba rabonsu a tulu, ta gauraya da toka don ƙwari, ta liƙe bakin da laka, ta sa a ƙarƙashin gadonta. Ba mijinta ne ya tilasta mata ba. Matata ta ce da ya ce a ɗebi tiya ɗaya a dama mata, ita ta hana. Tsohuwa ce mai tsiwa, mai son tsokana. Ta aiko mini da saƙo ta bakin ɗiyarta, wai a gaya wa mai ɗaga hannu ya ajiye ƙarfin hannun don sungumi, za ta ba shi abin shuka in ya yi ladabi.

A gidan nan akwai jikoki uku na ɗansu da ya tafi neman aiki kudu bai aiko ba. Abin da aka samu na dusa, tsohuwar takan tura musu ta ce ta ƙoshi. Ƙafafunta suka kumbura. Sai gudawa ta kama ta. Matata tana zuwa kullum da jaririya a baya. Rana ɗaya na ce mata, "Ki fasa tulun nan mana, ki dama mata. Ina amfanin iri?" Ta dube ni ta ce ta gwada, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce in an fasa, ita ba za ta haɗiya ba. Muka kai ta likita a kan amalanke, aka ba ta ruwan gishiri da sukari, aka ce ta ci abinci mai kyau. Mun yi godiya muka dawo.

Ta rasu da hantsi, ranar wata Talata, a kan gadon da tulun ke ƙarƙashinsa. Ba zan ce yunwa kaɗai ta kashe ta ba. Ta tsufa, kuma kwana ya ƙare. Amma ni na ɗauki makara, na san nauyin da na ɗauka.

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka, ruwa na gaske, tun azahar har magariba. Ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu. A shekarar arziki da gari ya waye ba za ka sami namiji ko ɗaya a unguwa ba. Wannan karon gari ya waye muna tsaitsaye a ƙofar gida muna kallon hanyar Damagaram. Aka aika wurin malamin gona, ya ce ya rubuta, ana jira. Aka je ofishin komandan, jandarma ya ce a koma gida, in iri ya zo za a yi shela. A kasuwa hatsin da ke akwai na ci ne, baƙo, ba wanda ya san inda aka noma shi, kuma ko shi ba mu da abin saye. Danshin shuka kwana biyu ne, uku in Allah ya taimaka. Ina jin ƙamshin ƙasa ina jin kamar in yi ihu.

Gidaje biyar ɗin nan ba su fita gona da sassafe ba, don kunya. Surukina ma yana cikin zaman makoki. Na ji daga baya cewa ya riga ya ce wa ɗiyarsa zai raba tulun uku: kashi ɗaya gonarsa, ɗaya tamu, ɗaya ya ba gidajen da ya ga dama. Bai samu ya yi ba. Kafin azahar mai lasifika ya kira taro.

Wannan karon bai yi dogon jawabi ba, fuskarsa ma ta faɗa. Ya ce irin nan asalinsa na tarayya ne. Ya ce ba daidai ba ne gida biyar su yi shuka gida talatin da biyar su zuba ido. Ya kawo shawara duk wanda ya riƙe rabonsa ya dawo da shi a sake rabawa arba'in. Wani daga cikin biyar ɗin ya miƙe ya ce, "An raba an ba kowa nasa! Kun ci naku, mu muka ɗaure ciki. Yanzu kuma namu ya zama na kowa?" Sai wani daga baya ya ce soja ba ya wasa da mai ɓoye hatsi a shekarar yunwa, kuma ofishin jandarma ba nisa. Ba a san wanda ya faɗa ba, ko kuma kowa ya sani ya yi shiru. Mutumin da ya miƙe ya zauna.

Malamin gona ya juya takardarsa gaba da baya. Na ga yana neman inda aka ce akwai abin da hannu ba ya taɓawa. Babu. Wanda ya rubuta ta bai taɓa zaton za a kai nan ba. Ya ce a ɗaga.

Ba a yi satar kallo ba wannan karon. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na waɗanda suka ƙi a taron farko. Ni na danne nawa a ƙarƙashin cinya. Na zauna ina huci, ina jin kaina wani mutumin kirki, har ina fatan surukina ya juyo ya gani. Bai juyo ba. Talatin da huɗu aka ƙirga.

Na yi zaɓe da yawa bayan wannan. Da soja suka koma bariki aka kawo jam'iyyu, na bi layi, na dangwala yatsa a tawada, kuma gobe aka kira zan je, don na zauna ƙarƙashin soja na san ɗanɗanonsa, ba na marmari. Amma duk lokacin da na ji mai lasifika na zamani yana rantsuwa cewa kamiyo na hanya, na san zai ci, don mai jin yunwa yau ya fi mai tunanin baɗi yawa, kullum. Kuma na san idan abin ya lalace ba za a sami wanda ya yi ba. Sarki ya cuce ka, ka san sarki. Soja ya cuce ka, ka san kakinsa, ko ba ka isa ka yi magana ba. Jama'a ta cuce ka, sai ka bi gida gida kowa ya ce maka shi hannu ɗaya ya ɗaga. Abin da ya fi ba ni haushi, matar da ta liƙe tulun da wadda ta yi jinyarta ba a ƙirga su ba ko sau ɗaya.

Surukina bai jira a aiko ba. Ya tashi ya shiga gida, ya fito rungume da tulun, yana tafiya a hankali don ya yi masa nauyi. Na yunƙura in karɓa, kunya ta mayar da ni. Ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya fasa lakar da dutse. Shatin yatsun tsohuwar na jikin lakar, duk wanda ke kusa ya gani. Ya ce wa malamin gona, "A bushe tokar kafin a auna. Kuma a gaya musu ƙwaya huɗu a rami ta isa, kada su yi ta watsawa." 

Aka haɗa na gida biyar aka raba arba'in. Abin da ya zo wa kowa bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Aka kira gidana. Ni da na danne hannu a cinya, na tashi na miƙa hannu biyu na karɓa.

Da sassafe muka fita gona ni da matata, jaririyar a bayanta. Yadda ake yi, namiji na gaba yana sara da sungumi, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Na ba ta ƙwaryar, na fara sara. Na yi rami ashirin ko fiye kafin na lura ba na jin takunta. Na waiwaya. Tana tsaye a bakin gona inda na bar ta, tana kallon cikin ƙwaryar.

Na ce, "Ke, rana na yi. Danshin nan ba zai jira mu ba."

Ta ce, "Malam, ka san mene ne wannan?"

Na ce iri ne.

"Kunun da inna ta ƙi sha ne."

Na jingina da sungumi. Na fara yi mata bayani, da zafi, don na shirya shi tun jiya. Na ce taro na biyu ban ɗaga ba, kowa shaida ne. Na ce taro na farko ko ban ɗaga ba an riga an rinjaya. Na ce don ɗiyarmu na yi. Na ce mutum ashirin da uku ne, ba ni kaɗai ba.

Ta saurare ni har na gama. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Na sani," ta ce. "Tun jiya nake neman wanda zan yi fushi da shi. Na bi su ɗaya ɗaya a zuciyata, kowa na da yara, kowa na da hujja. Ashirin da biyu ba mazana ba ne, Malam. Kai kaɗai gare ni a cikinsu."

Ta gyara goyonta, ta shigo gonar, ta fara jefawa, ƙwaya huɗu a kowane rami kamar yadda mahaifinta ya ce. Na juya na ci gaba da sara. Ƙwaryar ta ƙare kafin mu kai rabin gonar, muka dawo gida tana gaba ina baya.

Hatsin ya yi kyau a wannan rabin. Da kaka ta sussuka shi, ta surfa, ta tuƙa mini tuwo ta kawo. Ita ba ta ci ko loma ɗaya daga cikinsa ba har ya ƙare.